Yadda Ake Shigar da Sabon Babban Kare Cikin Gida Mai Karnuka: Bayani ga Mazauna Zabi, Samaru da Sabon Gari

Gabatarwa

Zabi ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Sabon Gari a Jihar Kaduna, tare da Samaru, Bomo, Basawa, Hanwa, Dogarawa, Jama'a, Chikaji, Muchia, Jushin Waje da Unguwan Gabas. A wannan yanki birni da ƙauye sun cuɗanya da juna. Akwai manoma da makiyaya da mafarauta waɗanda suka gaji ajiye kare iyaye da kakanni, akwai kuma ma'aikata da 'yan kasuwa da ke gina gidaje da gonakin kaji a bayan gari, suna neman karen gadi. Malamanmu sun daɗe da yin bayanin cewa an yi rangwame a ajiye kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, tare da sharaɗin kula da tsabta da kuma ba dabbar haƙƙinta na ci da sha.

Sau da yawa mai gida yakan sayo babban kare ya kawo shi gidan da tuni akwai karnuka biyu ko uku, ya kwance masa igiya a tsakar gida, ya ce su saba da kansu. A nan ne ake samun asara. Wani lokaci ƙaramin kare ya mutu, wani lokaci baƙon ya kawo cutar da za ta kwashe na gida, wani lokaci kuma a ciji yaro ko mai rabon faɗa. Mun tanadi wannan bayani ne domin jama'a da masu unguwanni da jami'an ƙaramar hukuma su san cewa haɗa karnuka aiki ne da ake yi mataki-mataki, kuma lafiya ce matakin farko.

Karnukan da ake samu a yankinmu

Karen gida, wanda muka saba gani a ƙauyuka da wajen mafarauta, yana da gajeren gashi da siririn jiki, nauyinsa kuwa ba kasafai yake wuce kilo 20 da yawa ba. Ya saba da zafinmu da abincinmu, yana da juriya, kuma yana da kishin gidansu ƙwarai.

Manyan karnukan da ake sayowa, waɗanda jama'a ke kira karnukan Turawa, sun haɗa da Alseshan, wato karen 'yan sanda, da Rotwaila, dukkansu asalinsu ƙasar Jamus ne. Namijin Alseshan yakan kai kilo 30 zuwa 40, Rotwaila kuwa yakan kai kilo 50. Akwai Burbul na Afirka ta Kudu, da Kokeshiyan mai yawan gashi wanda ya fito daga duwatsun Kokesas masu tsananin sanyi. Waɗannan biyu sukan haura kilo 50. Ke nan baƙon kare ɗaya yana iya ninka karen gida sau biyu ko sau uku a nauyi. Cizo guda daga irin wannan kare, ko da a cikin wasa ne, ya isa ya karya ƙashin ƙarami.

Ya kamata mai niyyar saye ya tuna cewa kare mai yawan gashi yana shan wahala a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafi ya tsananta a Zariya. Karen da zafi ya dama kuwa ba ya da haƙuri da 'yan uwansa.

Abin da ke haddasa faɗa

Kare yana gane duniya ne da hancinsa fiye da idonsa. Kowane lungu na gida yana ɗauke da warin karnukan da ke cikinsa, domin da fitsari suke shata iyakarsu. Idan baƙo ya faɗo cikin wannan iyaka ba zato ba tsammani, na gida suna ɗaukarsa ɓarawo ne, shi kuma tsoro ya kama shi ganin an yi masa taron dangi. Yawancin faɗan ranar farko tsoro ne tushensa.

Bayan wannan, abubuwa huɗu ne aka fi yin rigima a kansu: abinci da ƙashi, wurin kwanciya mai inuwa, kusantar mai gida, da kuma karya idan ta shiga lokacin barbara. Haka nan jinsi da shekaru suna da tasiri. Namiji da mace sun fi saurin jituwa. Maza biyu manya sukan yi ta gwada ƙwanji, mata biyu kuwa idan suka ƙulla gaba da wuya su sasanta. Kwikwiyo yakan samu sassauci daga manya, amma tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi ba ya jure yawan tsalle-tsallen saurayin kare.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa a bar su su kara sau ɗaya domin su san babba. Muna jan hankalin jama'a da su guji wannan. Idan ƙarfi bai zo ɗaya ba, karon farko yana iya zama na ƙarshe ga ƙaramin. Wanda ya tsira kuma ba ya mantawa, kullum a shirye yake ya rama ko ya gudu ya bar gidan.

Kafin a kawo shi

Wajibi ne mai saye ya nemi katin allurar rigakafi na karen, wanda ke ɗauke da ranar da aka yi allurar da sa hannun likitan dabbobi. Idan babu kati, a ɗauka ba a yi masa komai ba. A tambayi shekarunsa, da abincin da ya saba ci, da ko ya taɓa zama da wasu karnuka ko awaki ko kaji, da kuma dalilin da ya sa ake rabuwa da shi. Babban karen da aka karyar da farashinsa ba gaira ba dalili, sau da yawa akwai cizo ko ciwo a tarihinsa.

Haka kuma a duba na gida. Idan allurarsu ta wuce shekara, a sabunta ta tun kafin baƙon ya iso. A tanadi ɗakinsa ko kejinsa dabam, mai inuwa da iska, da ƙofar da ke kulluwa sosai, da kwanon abinci da na ruwa nasa shi kaɗai, da igiya mai ƙarfi da takunkumi daidai bakinsa. Darnin kara ko danga ba ta tsare kare mai kilo 50.

Mutanen wannan yanki suna da sa'a wajen samun ƙwararru. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da Tsangayar Likitancin Dabbobi da Asibitin Koyarwa na Dabbobi a Samaru, inda ake duba karnuka da yi musu allura. Akwai kuma malaman dabbobi na gwamnati da likitoci masu zaman kansu a cikin Sabon Gari da Zariya.

Mataki na ɗaya: keɓewa na mako biyu

Da zarar baƙon ya iso, a wuce da shi kai tsaye wurin da aka tanada masa, ba tare da ya haɗu da na gida ba. Ya zauna a keɓe aƙalla kwana 14. A cikin waɗannan kwanaki a kai shi wurin likita ko a kira likita ya zo, domin a yi waɗannan abubuwa:

1. Allurar haukan kare. Ana fara ta ne daga wata uku da haihuwa, a kuma sabunta ta kowace shekara. Idan karon farko ne, sai bayan mako uku zuwa huɗu take kama jiki sosai, don haka a ƙara wa keɓewar kwanaki har ta kai wannan lokaci.
2. Allurar haɗaka ta sauran cututtuka, musamman cutar fabo mai sa amai da gudawar jini, da cutar distemfa mai sa majina da tari da farfaɗiya. Cutar fabo ta bayyana a duniya ne a 1978, ƙwayarta kuma tana iya yin watanni a cikin ƙasa da ranta. Ta fi kashe kwiyakwiyi, kuma Rotwaila da Alseshan suna cikin waɗanda ta fi yi wa illa.
3. Maganin tsutsar ciki, ga baƙo da na gida baki ɗaya.
4. Maganin kaska da ƙuma da ƙazwa. Kaska tana sa wa kare ciwon da ke shanye jini, ga zazzaɓi da ƙin cin abinci. Ta fi yawa da damina, kuma karen da aka sayo daga wani wuri yakan fi jin jiki a kan na gida.

Muna gargaɗi da babbar murya cewa kada a yi wa kare wanka da maganin feshin gona ko fiya-fiya, kada a shafa masa baƙin mai, kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Waɗannan duk guba ne gare shi.

Mutum ɗaya ne ya kamata ya riƙa ciyar da shi da share wurinsa, ya binne kashin, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa sauran karnukan. A fara ba shi abincin da ya saba, a riƙa gauraya masa na gidan kaɗan-kaɗan har tsawon mako guda, domin sauyin abinci farat ɗaya yana kawo gudawa.

A sani cewa mako biyu ba su isa a tabbatar kare ba ya ɗauke da cutar hauka ba, domin takan ɓuya a jiki makonni, wani lokaci watanni. Saboda haka karen da aka san wani kare ya cije shi kwanan nan, ko wanda aka tsinta a kan hanya, kada a haɗa shi da kowa sai abin da likita ya ce.

Mataki na biyu: sabo ta hanci

Tun yana keɓe za a fara gabatar da su ta hanyar wari. A ɗauki tsumma ko buhun da baƙon ya kwanta a kai a ajiye wa na gida su sansana, a kai masa nasu shi ma. Bayan likita ya tabbatar da lafiyarsa, a riƙa kulle na gida na ɗan lokaci a zagaya da shi tsakar gida da igiya, sannan a mayar da shi a saki na gida su bi sawunsa. Daga nan sai a bar su su ga juna ta bayan waya ko ƙyauren ƙarfe. Idan kowa yana iya cin abincinsa yana kallon ɗayan daga nesa ba tare da gurnani ba, to an kai lokacin haɗuwa.

Mataki na uku: haɗuwar farko a wajen gida

Kada a yi haɗuwar farko a zaure ko tsakar gida ko kusa da kwanon abinci. A zaɓi fili wanda ba na kowa ba a cikinsu, kamar gonar da aka girbe ko hanyar da ba mutane, da sassafe ko da yamma bayan rana ta yi sanyi. A kori yara daga wurin. Kowane kare ya kasance a hannun baligi mai ƙarfin riƙe shi, baƙon kuma a sa masa takunkumi, wanda aka riga aka saba masa da shi a kwanakin keɓewa.

Da ɗaɗɗaya ake haɗa su. A fara da wanda ya fi sanyin hali a cikin na gida, a bar mafaɗacin zuwa ƙarshe. A yi tafiya da su gefe da gefe ana fuskantar wuri ɗaya, da tazarar kamar taku 10 a tsakani, ana rage ta a hankali. Kada a kawo su fuska da fuska, domin a wurin kare wannan neman rigima ne. Idan sun natsu, a bar ɗaya ya sansana bayan ɗaya na 'yan daƙiƙu, a kira su a ci gaba da tafiya. A sassauta igiya, domin igiyar da aka ɗaure tamau tana sanar da kare cewa akwai haɗari. Minti 10 zuwa 15 sun isa a rana ta farko. A maimaita kwana uku ko huɗu, a kuma rabu tun ana shiri.

Alamomin da za a lura da su

Alamun lafiya su ne jiki a sake, wutsiya tana kaɗawa a hankali, kare ya sansana ya kau da kai, ko ya durƙusa da ƙafafun gaba yana neman wasa. Alamun haɗari kuwa su ne ya sandare wuri ɗaya, ya kafe ɗan uwansa da ido, gashin gadon bayansa ya miƙe, wutsiya ta tsaya cak a sama, ya yage leɓe haƙora su bayyana, ko ya ɗora haɓarsa a kan kafaɗar ɗayan. Kaɗa wutsiya kaɗai ba shaidar murna ba ce, sai an dubi sauran jikin.

Da an ga alamar haɗari, a juya da su a ƙara tazara ba tare da ihu ko duka ba. Kada a doki kare saboda ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, wanda aka hana shi gargaɗi kuwa wata rana cizo zai yi ba sanarwa.

Mataki na huɗu: zama a gida ɗaya

Ranar da za a shigar da shi, a fara yin tafiyar da aka saba, sannan a shigo tare. A kwashe ƙasusuwa da kwanonin abinci daga tsakar gida tukuna. A makonnin farko a kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

1. Kowane kare ya ci abincinsa a wurinsa, a ɗauke kwano da an gama. Kada a watsa ragowar tuwo ko ƙashi a tsakiyarsu.
2. A ajiye ruwan sha a wuri biyu ko uku, da inuwa fiye da ɗaya.
3. Tsofaffin gida su riƙe wuraren kwanciyarsu, a kuma ci gaba da kula da su kamar da, kada ɗoki ya sa a yi watsi da su.
4. Idan ba babba a gida, ko dare ya yi, a raba su. Sai an yi makonni ba tare da rigima ba za a sake su gadi tare.
5. Kada a ɗaure ɗaya a turke a bar sauran a sake kusa da shi. Ɗaurarren kare ba ya da hanyar gudu, don haka faɗa yake zaɓa.

Karya takan shiga lokacin barbara kamar sau biyu a shekara, na tsawon mako biyu zuwa uku. A wannan lokaci a kulle ta nesa da maza. Idan ƙaton kare ya hau ƙaramar karya, haihuwar da ke zuwa bayan kimanin kwana 63 tana iya zame mata ajali saboda girman 'ya'yan. Mai son kauce wa wannan sai ya nemi shawarar likita a kan fiɗiye namijin ko yi wa macen aikin hana haihuwa.

Awaki da tumaki da kaji su ma sai an gabatar masa da su yana cikin igiya, a tsawata masa da zarar ya yunƙura zai bi su. Yara kuwa a koya musu kada su kusanci kare yana ci, ko yana barci, ko yana shayarwa, kada kuma a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da babban kare ko da ya saba da shi.

Wasu karnukan suna sabawa cikin mako biyu, wasu sai wata biyu ko uku. Akwai kuma waɗanda ba za su taɓa shiri ba. Idan an yi faɗan da aka zubar da jini fiye da sau ɗaya, mafita ita ce a raba musu wuri har abada ko a nema wa ɗaya wani gida. Kada a kai shi daji ko kasuwa a yar, domin yin haka jefa jama'a ne cikin haɗari.

Idan faɗa ya ɓarke

Kada kowa ya sa hannu ko ƙafa tsakanin bakunansu, kada kuma a kama wuyan ɗaya. A watsa musu bokitin ruwa, a buga kwano ko langa da ƙarfi, ko a cusa faffaɗan katako a tsakaninsu. Bayan an raba su a kulle kowa dabam, a duba jikinsu. Haƙorin babban kare yakan bar ɗan ƙaramin rami a fata alhali naman ciki ya yage, saboda haka a kai wanda aka ciza wurin likita ko da ciwon bai yi kama da babba ba.

Idan kare ya ciji mutum

Cutar haukan kare ba ta da magani da zarar alamunta sun bayyana, amma ana iya tare ta idan an gaggauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke ɗaukarta. Abin da za a yi shi ne:

1. A wanke ciwon nan take da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15.
2. A tafi asibiti a ranar, ko da ƙarzuna ce kawai, domin a duba buƙatar allurar haukan kare da ta tetanus. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan a Shika, ga kuma asibitocin gwamnati da ke kusa.
3. Kada a tsaya ɗora gashin karen ko saiwa ko barkono a kan ciwon.
4. Kada a kashe karen idan ana iya tsare shi. A kulle shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma kada a jira cikar kwanakin kafin a je asibiti.
5. Idan ya mutu ko an kashe shi, kada a feɗe shi ko a yar da shi. A sanar da likitan dabbobi domin a gwada ƙwaƙwalwarsa.

Alamomin mahaukacin kare sun haɗa da sauyin hali farat ɗaya, dalalar miyau, cizon duk abin da ya tarar, sauyin murya, kasa haɗiya da shanyewar ƙafafu. Wani kuma ba ya faɗa, sai dai ya yi lamo bakinsa a buɗe. Kada a sa hannu a bakin irin wannan da zaton ƙashi ne ya maƙale masa.

Aikin masu unguwanni da jami'ai

Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar hauka takan daina yaɗuwa a cikinsu. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta soma aiki a can a 1924, tana cikin masu samar da wannan allura a Nijeriya. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara kuma ita ce Ranar Yaƙi da Cutar Haukan Kare ta Duniya, wadda aka fara a 2007, kuma ƙasashen duniya sun sa wa kansu burin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilin cutar haukan da ake ɗauka daga kare nan da 2030.

Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da su san gidajen da ke ajiye manyan karnuka a yankunansu, su riƙa tambayar katin allura, su kuma hana sakin irin waɗannan karnuka da rana a hanyar makaranta da masallaci da coci da rijiya. Shugabannin mafarauta su tabbatar an yi wa karnukan mutanensu allura kafin fita farautar rani, lokacin da karnukan garuruwa dabam-dabam ke cuɗanya. Malaman lafiya da malaman dabbobi kuwa su riƙa sanar da juna duk wani cizo da aka kawo musu. Idan kare ya yi wa maƙwabci ɓarna a kan akuya ko kaza, a gaggauta sasantawa a gaban mai unguwa, a biya abin da ya dace, kafin a kai ga sa guba, wadda kan kashe har dabbobin da ba su ji ba ba su gani ba.

Kammalawa

Wanda ya sayi babban kare ya ɗauki nauyi uku: na karen, na waɗanda ya tarar a gida, da na maƙwabta. Sauke wannan nauyi yana buƙatar kati da allura, keɓewa na mako biyu ko fiye, haɗuwa a wajen gida da ɗaɗɗaya, da raba kwanon abinci. Kuɗin waɗannan duka bai kai na jinyar mutum ɗaya da aka ciza ba, rigakafi kuwa ya fi magani. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi sashen aikin gona na Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ko Asibitin Koyarwa na Dabbobi da ke Samaru.